Kafin Ki Gangara Hawan Kibo da Motar Caji

Dutse Uku, Jos.
Alhamis, bayan la'asar.

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiya da natsuwa, Ya tsare ki a zaune da a tafe, Ya sa albarka a aikin da za ki fara.

Na san za ki yi dariya idan kika ga wasiƙa daga mutumin da kuke kwana a gida ɗaya. Kin san halina. In na buɗe baki a gabanki sai in faɗi abu ɗaya sau uku, in manta da wanda ya fi muhimmanci. Ga kuma nauyin da ke tsakanin uba da 'yar fari, balle wadda ta ci sunan mahaifiyarsa. A takarda ina iya gogewa in gyara.

Mako biyu ke nan da kika miƙo mini makullin motar nan, kika ce gonar da ta ɗauke ki aikin likitar dabbobi ta ba ki zaɓi: ko wannan mai aiki da lantarki, ko tsohuwar akori-kurarsu mai shan fetur. Wadda kika bari za a tura ta wani reshe, ba sauyi daga baya, kuma ranar Litinin mai zuwa suke jiran amsa. Kika ce, "Baba, kai ka karanta lantarki. Ka gwada ta, abin da ka ce shi zan yi." Wannan magana ta hana ni sakewa. Takardar difilomata wata biyu kacal take da shi a hannuna, na karɓe ta ina da shekara hamsin da shida, kuma karo na farko da aka ce in yi amfani da ita, a kan ranki ne da hanyar da ke bi ta Hawan Kibo. Zan ba ki amsa a ƙarshe. In na sa ta a farko ba za ki karanta sauran ba.

Ranar da kika shigo da motar unguwar nan, abin da ya fara zuwa bakina shi ne a mayar musu da abarsu. Na haɗiye maganar ne don na taɓa yin irinta, na kuma ga inda ta kai ni. Lokacin da motoci masu injekta suka fara yawa a garin nan, ina da shagon rewaya kusa da Tina Junction, ina gyaran wayoyin mota. Ban fahimci sababbin motocin ba, kuma ban yarda in ce ban fahimta ba. Duk wanda ya kawo tasa tana tangarɗa sai in ce masa wannan ba ta hanyarmu ba ce, a cire injekta a ɗaura kafireto irin na da. Ni nake yanke wayoyin ƙwaƙwalwar motar, makanike ya ƙarasa. Wata malamar makaranta daga Rikkos ta kawo mini tata, mota mai lafiya, muka yi mata haka. Bayan wata uku ta dawo ta tsaya a ƙofar shagon, ba ta ko shigo ba, ta ce, "Malam Sani, na kai shi wani wuri. Sun ce ƙaramin abu ne ya yi datti tun farko, wankewa kawai yake so. Yanzu ka yanke komai." Ba ta zage ni ba. Ta juya ta tafi. Daga baya na ƙirga motocin da na lalata a haka, na kasa barin abin ya wuce. Shi ya mayar da ni aji, na zauna shekara huɗu da sa'anninki ina kwafar darasi. Don haka, Uwata, in kika ji ƙin wani abu ya taso miki tun ba ki taɓa shi ba, ki tambayi kanki ko abin ne ba shi da kyau, ko ke ce ba ki san shi ba. A aikinki za ki gamu da wannan ta ɓangarori biyu: sabon magani daga birni, da tsohuwar dabarar makiyayi.

To na gwada ta. Kwana goma na yi ina yawo da ita cikin gari, kuma ba zan ɓoye miki ba, ta burge ni fiye da yadda na so. A gosulon Terminus na tsaya kusan rabin awa, motocin da ke kewaye da ni suna ƙona mai suna hayaƙi ba tare da sun matsa ba, ita kuwa lambar cajinta ko motsi ba ta yi ba. Tudun da ke hawa zuwa gidanmu, wanda kowane direba yake yi wa shiri tun daga ƙasa, ta hau shi daga tsaye kamar a kan shimfiɗa, babu sauya giya, babu gurnani. Na buɗe gabanta na duba: ba baƙin mai, ba fulogi, ba salansa. Rabin abin da ya cinye ƙuruciyata a gyara, babu shi a jikinta. Na kai mamanki kasuwa, ta ce wannan ne karo na farko da ta yi mini magana a mota ban ce "me kika ce?" ba.

Oga Emeka, maƙwabcin tsohon shagona mai sayar da kayan mota, ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya ce, "Oga Injiniya, motan nan ya zo ne ya kashe kasuwa na. Ba ya son fulogi, ba ya son filta, ba ya son mai. To me zan sayar masa, addu'a?" Duk da haka ya faɗi gaskiya guda. Shi a bene yake haya a Rikkos, motarsa a bakin titi take kwana, ba inda zai ja waya. Ga irinsa, ko a tsakiyar birni, motar nan wahala ce. Mu da muke da tsakar gida, matsalarmu wuta ce. Na auna: a soket ɗin gida, awa ɗaya tana ƙara mata wajen kashi biyar cikin ɗari. In an kawo wuta awa uku, ta ishe ni yawon yini a gari har da ragi. Kwana biyu a jere ba a kawo ba, ban damu ba, don ba a tafiya mai nisa a cikin Jos.

Kuskurena na farko da ita a nan ƙofar gida na yi shi. Motar tana da wata ɗabi'a: da zarar ka ɗaga ƙafa daga totur, sai ta riƙe kanta ta rage gudu, tana mayar da ƙarfin tafiyar cikin batir. Cikin kwanakin nan ƙafata ta saba, har na kusa daina taka birki. Da na shirya zuwa duba gonarku, na yi abin da kowane direban Jos yake yi kafin tafiya, na cika ta taf, ɗari bisa ɗari. Mu da muka saba girgiza mota a gidan mai don tanki ya ƙara ɗauka. Da safe, ana sanyin damina, na gangaro daga Dutse Uku zuwa Tina don in ɗauki Emeka. Na ɗaga ƙafa kamar kullum, motar ba ta riƙe ba. Batir ya cika, ba shi da inda zai zuba abin da ake mayar masa, sanyi kuma yana ƙara rage abin da yake karɓa. Wannan na rubuta shi da hannuna a jarrabawa. Kafin ƙafata ta tuna da birki, na kai kan wata mata mai tallan tumatir da take tsallakawa da tire a kai. Ba ta waiwayo ba, don ba ta ji komai ba. Birkin yana da kyau, ya kama nan take, na tsaya tsakanina da ita bai fi kamu biyu ba. Ta dube ni ta ce, "Baba, motanka ya mutu ne kake gangarawa da shi?" Na ba ta haƙuri.

Abu biyu nake so ki ɗauka daga nan. Ranar da kika cika ta, ƙafarki ta zauna kusa da birki har sai cajin ya ɗan sauka, kuma kada ki taɓa cika ta a saman wata gangara mai tsawo. Yawancin ranaku ma kashi tamanin ya ishe ki, kuma ya fi wa batir lafiya. Sannan ki tuna ba a jin zuwanki. A ƙauye mutane da kunne suke kauce wa mota, haka awaki da kaji. Ki rage gudu tun daga nesa, ki ɗan taɓa hon a hankali, ki sauke gilashi ki yi sallama. In kin taka akuyar mutum a makon farko, sai kin shekara kina yi wa shanunsa allura kafin ya manta.

Yanzu Hawan Kibo. Ban taɓa ba ki labarin nan duka ba. Kafin in koyi rewaya direba ne ni, ina da shekara ashirin da huɗu, ina ɗaukar dankali da kabeji zuwa kasuwannin ƙasa. A tasharmu, duk direban da yake ganin ya ƙware, in ya kai saman gangarar sai ya cire giya ya sake motar firi, ta riƙa gangara da nauyinta, wai don a rage shan mai. Ana alfahari da shi. Wata rana na yi haka da cikakken lodi, mai kayan, wata dattijuwa, tana zaune a gefena. Inji ba ya riƙe motar, birki kaɗai nake takawa. Na fara jin ƙauri, daga nan birkin ya yi laushi, na taka ya tafi ƙasa. Na nemi mayar da giya ta ƙi shiga. Allah ne Ya ba ni dabarar goga gefen motar a jikin dutsen da aka sare aka fitar da hanya, muka yi ta gurzawa har muka faɗa kwata muka tsaya. Dankali ya watsu a titi. Hannun dattijuwar ya karye a wuyan hannu. Tana riƙe da shi, ba ta yi kuka ba, ta ce mini, "Ɗana, man da ka adana, zai cika kofin shayi?" Ban sake ɗaukar lodi ba.

Shi ya sa da muka kai saman gangarar da Emeka, na gyara zama. Allon gaban direba yana nuna kashi saba'in da bakwai. Na yi bisimilla na ɗaga ƙafa, motar ta riƙe kanta. Lanƙwasa bayan lanƙwasa tana saukowa da natsuwa, birki sau biyu ko uku kawai na taɓa. Da muka kai ƙasa na duba, saba'in da tara. Ba ta ci komai ba, har ta ƙaru. Na faka a gefe na fita na kai hannu kusa da ƙafar motar, ba zafi, ba ƙauri. Abin da na nemi sata a wurin nan shekara talatin da biyu da suka wuce, har na karya hannun baiwar Allah, ga mota tana karɓarsa ta halal, tana kuma tsare wanda ke cikinta. Na daɗe a tsaye. Emeka ya leƙo ya ce, "Oga, kana gaisawa da taya ne?" Motar nan ma tana da firi a jikin giyarta, Uwata. A kan gangara kada hannunki ya je wurin, ko wa ya ce miki ya fi sauƙi.

Babban kuskuren a gonar na tafka shi, kuma jin daɗin gangarar ne ya ja ni. Mun isa da kashi saba'in. Malam Bitrus, shugaban ma'aikatan gonar, ya tarbe mu da kyau. Ya nuna mini farantan solarsu, da batiran da ke riƙe da firjin allurai, da rumfar da suka tanadar wa motar. Na duba aikin wayoyin, mai tsabta ne, na yaba. Ya ce, "Malam, a sa mata caji tunda rana ta fito, ku sha ruwa ku huta." Na dubi allo, ya nuna mini kilomitoci masu yawa. Na yi lissafi a kaina: kashi talatin ya kawo ni, ina da saba'in. Na ce, "Bari kawai, Malam Bitrus, tana da isasshe." Har da ɗan murmushin wanda ya yi karatu. Muka zaga ƙauyuka huɗu da za ki riƙa zuwa, da na'urar sanyi a kunne. Emeka ya sayi doya da buhu biyu na gawayi, wai a Jos sun yi tsada. Muka dawo gonar da arba'in da biyar. Malam Bitrus ya sake cewa a sa mata ko na awa ɗaya. Hadari ya fara haɗuwa, na ce muna sauri. Arba'in da biyar ai ya fi talatin.

Mu mutanen Jos a saman tudu muke zaune, fiye da mita dubu sama da teku. Duk inda za mu, gangara muke fara yi, hawa yana jiranmu a dawowa. Mai motar fetur ba ya lura, don in mai ya yi ƙasa zai tsaya ya sha. Kilomitocin da allon ya nuna mini ya lissafa su ne daga tafiyar da muka gama, wadda gangara ta taimaka. Bai san hanyar gida ba. Ni na sani, na kuma yarda da shi.

Ruwa ya sauko muna hanya. Mun kai gindin Hawan Kibo da talatin. Gaskiya hawan ma abin kallo ne, ta wuce manyan motoci suna rarrafe suna baƙin hayaƙi, ita ko nishi ba ta yi. Amma lambar tana zubewa ina kallo. A sama, ashirin. Na kashe na'urar sanyi, na rage gudu. Kafin Bukuru ta koma huɗu, wani hoton kunkuru ya fito a allon, motar ta rage wa kanta ƙarfi.

Emeka ya nuna shi da yatsa. "Oga Injiniya, wannan kunkuru, shi ma yana cikin satifiket?"

Na ce masa ya yi mini shiru.

"Ni ban ce komai ba. Da motan fetur ne, da na ɗauki galan na hau keke. Wuta kuma a me zan ɗebo, a leda?"

Na ce doyarsa da gawayinsa ne suka cinye cajin.

"Abeg, doya na bai hana ka jin maganar Bitrus ba."

Allah Ya taimake mu muka ga shagon wani mai walda da wuta a kunne. Na sauka na roƙe shi, ya yarda, yana mamakin motar da ake roƙa wa soket. Awa biyu da rabi muka zauna a benci muna cin gasasshiyar masara, kafin ta samu abin da zai kai mu gida. Daga baya na haɗa lissafin: zuwa ya ci talatin, dawowa ya ci kusan hamsin, a hanya ɗaya.

Ki riƙe wannan ko da kin manta sauran. Kada ki auna dawowa da zuwa. Kada ki dubi kilomita, ki dubi kashi. Ranar da za ki taho gida, kada ki bar gonar da ƙasa da tamanin, kuma daga can babu laifi ki cika ta, don hawa za ki yi. In mutumin wurin ya ce ki tsaya ki yi caji, ki tsaya, ko da digirinki ya fi nasa. Da ke ce a motar nan ke kaɗai, ruwa yana zuba, cajin ya ƙare a tsakiyar hawan inda ba gida ba shago, ban san yadda zan yafe wa kaina ba.

A shagon mai waldar, soket ɗin da ya fara nuna mini siririyar waya ce aka ja masa daga fitila. Na ƙi, na nemi wanda yake kan waya mai kauri, kuma kowane kwata na awa ina tashi in taɓa shi in ji ko ya yi zafi. Dalili shi ne, ina koyon aiki wurin Baba Lasisi, Allah Ya jiƙansa, wata mota ta zo fiyus ɗinta yana ta ƙonewa. Na gaji da sauyawa, na murɗa wayar tagulla na cusa a gurbinsa. Motar ba ta yi nisa ba wayoyin ƙarƙashin sitiyari suka kama hayaƙi. Baba Lasisi ya ɗauko dunƙulen da ya narke ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce, "Fiyus yana gaya maka akwai ciwo, kai ka toshe masa baki." Motarki tana jan wuta da yawa na tsawon awoyi. Kada ki haɗa ta da wayar ƙari irin ta cajin waya, kada ki sa ta a soket mai sako-sako, in ya yi zafi ki cire. A ƙarƙashinta da gabanta akwai wayoyi masu kauri ruwan lemo. Waɗannan suna kisa. Kada ki bar kowane makanike ko mai rewaya ya taɓa su, ko da ya rantse ya iya. Na san irin rantsuwar, na yi ta. In ta tsaya a hanya kuma, kada a ja ta da igiya, a ɗora ta a bayan babbar mota.

Ga abin da ba za ta iya ba. Na auna tsakanin cikinta da ƙasa da tef, bai kai taƙina ɗaya ba, kuma batirin a nan ƙasan yake shimfiɗe. Biyu daga cikin ƙauyukan nan hanyarsu tana da kyau. Na uku akwai rafi marar gada kafin a shiga, a bakinsa muka ajiye ta muka taka. Na huɗu duwatsu ne a tsakiyar hanya, na bi su da dabara, amma ba zan so ki riƙa yi kullum ba. Nan akori-kura ta fi ta. Sai dai na tambayi Malam Bitrus, ya ce da damina ita ma akori-kurar ba ta tsallake rafin, a babur suke zuwa, kuma gonar tana da babura biyu da masu tuƙa su. Ya ce fetur kuma sai an yi tafiya mai nisa zuwa gidan mai, ko a saya a galan a bakin hanya, wanda sau biyu bana ya zo da ruwa a ciki ya tsayar musu da motar. Kayanki akwatin magani ne da kular allurai. Da buhunan abincin dabbobi ko 'yan maruƙa za ki riƙa ɗauka, da maganar ta sauya.

Abin da ban zata ba shi ne, ta fuskar wuta gonar ta fi Dutse Uku dacewa da motar nan. Mu jira muke a kawo, su rana ce take ba su kullum. Amma ki yi caji da tsakar rana, lokacin da farantan suke kawo fiye da abin da ake bukata. In rana ta yi sanyi, abin da ke cikin batiran gonar na firjin allurai ne. Ranar da hadari ya rufe sama, motar ta haƙura. Allurar da ta yi zafi ta lalace ba ta nunawa a ido, sai bayan an yi wa garken mutane sun ci gaba da mutuwa. Wannan ke kika fi ni sani, na faɗa ne don kada son motar ya ja ki yadda ya ja ni.

Akwai kuma abin da ban sani ba. Ban san yadda batirin zai kasance bayan shekara biyar a kan waɗannan hanyoyi da zafin can ƙasa ba. Na karanta abin da aka rubuta, amma ban ga wanda ya gwada a nan ba. Masu gyaranta kaɗan ne, Malam Bitrus ya ce in ta samu babbar matsala sai an turo mutum daga inda aka sayo ta, kuma yana ɗaukar kwanaki. Kafin ki sa hannu, ki nemi su rubuta miki wa zai gyara, da abin da za ki hau kafin a gama.

To ga amsata. Ki karɓi motar lantarkin. Na juya maganar ta kowane gefe, na tarar duk wahalar da na sha da ita ni na jawo, ita abin da aka gina ta ta yi shi ta yi. A kan hanyar da ta fi ba ni tsoro a duniya, ta fi kowace mota da na taɓa riƙewa aminci, tsohuwar akori-kurar kuwa na taka birkinta a gonar, ban so abin da ƙafata ta ji ba. Ranar Litinin ki ce musu kin zaɓa.

Da na yi niyyar sa miki sharaɗi ɗaya, cewa ni zan tuƙa ki ranar tafiyar farko, in dawo a motar haya. Na gaya wa mamanki jiya tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Malam, kai aka ɗauka aikin? In ka kai ta ranar farko, rana ta biyu fa? Yarinyar da take kayar da bijimi ta yi masa allura, ita ce gangara za ta gagara?" Na ce ba haka nake nufi ba. Ta ce ta san abin da nake nufi. Na kwana da maganar, na ga ta fi ni gaskiya. Na janye sharaɗin. Ke za ki riƙe sitiyarinki tun daga ƙofar gida. Ki tashi da safe bayan gari ya waye sosai, ki yi addu'ar hawa abin hawa, in kin sauka gangarar ki faka a wuri mai fili ki kira ni. Zan yi ƙoƙari kada in riga ki kira.

Allah Ya kiyaye ki a hawa da sauka, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya sa dabbobin bayinSa su warke a hannunki, Ya haɗa ki da abokan aiki na kirki. Allah Ya dawo mana da ke lafiya duk lokacin da kika fita. Na yafe miki duniya da lahira, ki yafe mini tsawon takardar nan. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Muhammadu Sani.